Tausa Lokacin Juna Biyu: Tambayoyin da Ake Yawan Yi da Amsoshinsu

Macen da cikinta ya shiga wata na bakwai ba sai an faɗa mata jikinta na neman tausa ba. Ƙugunta zai faɗa mata da safe, ƙafafunta su maimaita da yamma. Abin da kan sa ta ja baya shi ne maganganu biyu masu karo da juna: wasu su ce kada a kuskura a taɓa mai ciki, wasu su ce tausa maganin kowane ciwon ciki ce. Duka ɓangarorin biyu sun wuce gona da iri. Amsoshin nan an yi su ne don mace mai lafiyayyen ciki. Wadda likita ya riga ya kafa wa doka, maganar likitanta ce a gaba.

Mai juna biyu za ta iya yin tausa, ko a haƙura sai an sauka?

Za ta iya. In ciki lafiya lau yake, kina zuwa awo, ba a ce miki akwai wata matsala ba, tausa mai sauƙi a baya, kafaɗu, wuya, hannuwa da ƙugu ba ta da laifi. Sharuɗɗan ba su da yawa, amma ba na wasa ba ne: kada a danna ciki, kada a murza sharaɓa da cinya da ƙarfi, kada ki daɗe a rigingine bayan ciki ya yi rabi, kuma kada a ɗauki tausa a matsayin maganin abin da asibiti ya kamata ya gani.

Me ke jawo wannan ciwon jikin ne, kuma ta yaya tausa ke rage shi?

Abubuwa da dama ne ke haɗuwa. Jikin mai ciki yana fitar da wasu sinadarai, ciki har da wanda ake kira rilaksin, da ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓi, musamman na ƙugu, don a samu hanya ranar haihuwa. Da gaɓoɓi suka yi sako-sako, sai aikin riƙe jiki ya koma kan tsoka. Ga kuma ciki yana turowa gaba, mace tana banƙarewa ba tare da ta sani ba don kada nauyi ya rinjaye ta. Tsokar ƙasan baya ke nan tana aiki tun safe har dare ba hutu. Nono ya ƙara nauyi, kafaɗu sun ranƙwafo, wuya ya ƙage. Shi ya sa rabin masu ciki, ko ma fiye, suke fama da ciwon baya.

Jini ma yana ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, jiki kuma yana riƙe ruwa. Ruwan nan ne ke sauka ƙafa da yamma, shi ne kuma yake matse jijiyar wuyan hannu har wata ta farka cikin dare yatsunta sun sage.

Tausa ba ta mayar da gaɓoɓi yadda suke ba, ba ta rage nauyin ciki ba. Abin da take yi shi ne ta saki tsokar da ta ɗaure, ta rage yadda jiki ke jin zafin, ta kwantar da hankali har barci ya samu. Sauƙin kan yi awoyi ko kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ciwon ya sake leƙowa, domin sanadinsa yana nan. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga wadda ta kwana uku tana juyi, amma gara ki san iyakarsa tun farko. Ga ciwon baya da ƙugu mai naci, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2016 kan kula da masu ciki ta fi ba da ƙarfi ga motsa jiki a kai a kai, da ganin masu gashin ƙashi a asibiti, da ɗamarar tallafe ciki. Tausa abokiyar tafiyarsu ce.

An taɓa yin bincike a kai, ko dai zance ne kawai?

An yi. Sunan da ya fi fitowa shi ne na Tiffany Field, wadda ta kafa cibiyar binciken tasirin taɓa jiki a Jami'ar Miami ta Amurka a 1992. A wani bincikenta na 1999, an raba mata 26 masu ciki gida biyu: wasu ana yi musu tausa ta minti 20 sau biyu a mako har mako biyar, wasu ana koya musu dabarun sakin jiki. Waɗanda aka yi wa tausa sun ba da rahoton raguwar fargaba da ciwon baya, da samun barci mai kyau. A 2004 ta sake wani da mata 84 masu fama da ciwon damuwa, inda abokan zamansu ne suka riƙa yi musu tausar har mako 16, aka kuma ga damuwar da ciwon jikin sun ragu.

Sai dai mata 26 ba su isa a gina doka a kansu ba, kuma wadda ake tausawa ta san ana tausa ta, don haka da wuya a raba aikin hannu da daɗin kulawa. Ni a ganina hakan bai rage wa tausa daraja ba, kulawar ma ai magani ce. Amma in kika ji ana cewa tausa tana hana haihuwar bakwaini ko tana ƙara wa jariri nauyi kamar abin da aka gama tabbatarwa, ki ɗauka da sauƙi. Hujjar da ta fi ƙarfi tana wajen ciwon baya da ƙafa, fargaba da barci.

An ce tausa a watanni ukun farko tana zubar da ciki. Gaskiya ne?

Babu hujjar da ta nuna tausar baya ko kafaɗu tana jawo ɓari. Yawancin ɓari, kusan kashi 80 cikin ɗari, a watanni ukun farko yake faruwa, kuma kusan rabinsa daga tangarɗar ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka samu cikin, abin da hannun kowa bai jawo ba kuma bai iya hanawa. A wannan lokacin mahaifa ma tana can ƙasa, ƙashin ƙugu ya kewaye ta.

To me ya sa masu tausa da yawa ke ƙin karɓar mai ƙaramin ciki? Don gudun zargi ne. In mace ta yi tausa yau ta ga jini jibi, ba wanda zai iya cire mata a rai cewa tausar ce. Akwai kuma laulayi: wadda ƙamshin turare ke tayar wa da zuciya, ko jiri ke ɗiba in ta miƙe, ba lallai ta ji daɗin abin ba. In kin taɓa yin ɓari fiye da sau ɗaya, ko kina ganin ɗigon jini, ko an sha wahala kafin a samu cikin, ki jira ki wuce mako 12 ko 13 kuma ki tambayi likita. Kwanciyar hankalinki ta fi tausar.

Yaya ya kamata in kwanta?

A gefe. Daga wajen mako 20, in kika kwanta rigingine, nauyin mahaifa yana sauka kan babbar jijiyar da ke dawo da jini daga ƙasan jiki zuwa zuciya. Jijiyar tana bin ɓangaren dama na ƙashin baya, bangonta kuma ba shi da kauri, don haka nan da nan take matsewa. Jinin da ke komawa zuciya ya ragu, sai ki ji jiri, gumi ya keto, zuciya ta tashi, numfashi ya yi wuya. Jinin da ke zuwa wa jariri shi ma yana raguwa. Da kin juya gefe abin ke wucewa. Gefen hagu ya fi, amma dama ma ba laifi, kuma dole a juya ki in ana son a kai ga ɓangarorin baya biyu.

Filo huɗu sun isa. Ɗaya a ƙarƙashin kai, mai tsayin da zai sa wuya ya miƙe daidai da baya. Ɗaya mai kauri tsakanin gwiwoyi, ya kai har idon sawu, yadda ƙafar da ke sama ba za ta zubo gaba ta murɗa ƙugu ba. Ɗaya siriri, ko tawul da aka naɗe, a cusa ƙarƙashin ciki ya ɗauke nauyinsa. Na huɗun ki rungume shi don kafaɗar sama ta samu wurin hutawa. In an jera su daidai, za ki ji ƙugu ya saki tun kafin a taɓa ki.

Ana iya yi a zaune kuma: ki juya kujera ki hau ta kina fuskantar majinginarta, ki ɗora filo ki kifa kai. Kwanciya rub da ciki kuwa, ko a kan gadon nan mai rami a tsakiya, ban cika son ta ba bayan ciki ya fito. Ramin ba ya zuwa daidai da kowane ciki, sai ciki ya riƙa reto yana jan jijiyoyin da ke riƙe da mahaifa. In an gama, kada ki zabura ki miƙe. Ki zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu tukuna.

Ƙafafuna sun kumbura. Ba tausa ce maganinsu ba?

Nan ne ake buƙatar natsuwa, don kumburi iri uku ne, kuma ɗaya ne kawai ake tausawa.

Na farko shi ne na yau da kullum: ƙafafu biyun duka, yana ƙaruwa da yamma ko bayan doguwar tsayuwa, ya sauka in kin kwana. Wannan ana iya shafa shi a hankali da tafin hannu daga yatsu zuwa gwiwa, kullum ana yin sama. Shafa ce, ba murza ba. Ɗaga ƙafafu, safar matse ƙafa da ake sayarwa don haka, da tsoma ƙafa cikin ruwa, duk suna taimakawa.

Na biyu shi ne ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, sharaɓa ko cinya tana ciwo, wurin ya yi ɗumi, wani lokaci launin fatar ya sauya. Wannan yana iya zama gudan jini da ya daskare a cikin jijiya mai zurfi. Jinin mai ciki ya fi saurin daskarewa, tanadi ne da jiki ke yi don kada jini ya ɓalle wajen haihuwa, ga shi kuma mahaifa ta danne hanyoyin da jinin ƙafa ke bi ya koma sama. Haɗarin ya ninka na wadda ba ta da ciki sau huɗu zuwa biyar, kuma ƙafar hagu ya fi kamawa. Ba abu ne da ya yi yawa ba, mace ɗaya ko biyu ce cikin dubu, amma in aka murza ƙafar gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe hanyar huhu, wanda kan kashe cikin ɗan lokaci. Abin takaicin shi ne ciwon yana kama da ɗaurewar tsoka, irin ciwon da kowa zai ce kawo in murza miki. Kada a taɓa. A tafi asibiti a ranar. In kuma numfashi ya fara sama-sama ko ƙirji na suka, a tafi a lokacin.

Na uku shi ne kumburin da ya zo farat ɗaya ya haɗa da fuska da hannuwa, zobe ya ƙi fita, tare da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya-walƙiya, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama. Alamun hawan jinin masu ciki ke nan, wanda kan bayyana bayan mako 20, kuma in aka bar shi yana kaiwa ga jijjiga. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ya isa a bincika. Tausa za ta iya sa ki ji daɗi na awa ɗaya, awar da ya kamata a ce kina gaban ma'aikaciyar jinya.

Saboda na biyun nan ne ƙwararrun masu tausa ba sa nutsa yatsa a sharaɓa da cikin cinyar kowace mai ciki, ko da ba ta da wata alama, tunda gudan jini kan ɓoye shiru. Haka jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu a ƙafa, a kewaye su.

Na ji an ce akwai wani wuri kusa da idon sawu da in aka danna naƙuda za ta tashi.

Maganar ta samo asali ne daga likitancin gargajiya na ƙasar Sin. Wurare biyu aka fi ambata: ɗaya a cikin ƙauri, kimanin faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu, ɗaya kuma a naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni. Masu bincike sun gwada danna wuraren da gangan ga matan da cikinsu ya isa haihuwa, har da waɗanda suka zarce lokaci, ba su ga wata hujja mai ƙarfi cewa hakan na tayar da naƙuda ba. In dannawa da niyya ba ta cika yin aiki ba, hannun da ya wuce ta wurin yana shafa mai ba abin tsoro ba ne. Masu tausa suna kauce wa dogon dannawa a wuraren don kawar da shakku, kuma hakan ba ya cin komai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda za a ga an yi kaffa-kaffa da idon sawu, sannan a hau sharaɓa da murza iya ƙarfi. An bar jaki ana dukan taiki.

Cikin kansa fa? Kuma gaskiya ne ana gyara kwanciyar jariri da tausa?

Shafa ciki a hankali da tafin hannu, ke ko maigidanki, ba komai. Fata na samun sauƙin ƙaiƙayi, sau da yawa ma jaririn kan amsa da motsi. Dannawa, murzawa, girgizawa ko ɗaga ciki da ƙarfi su ne ba a yi.

Juya jariri kuwa aiki ne na asibiti. Kafin wata takwas jarirai da yawa a zaune suke ko a gicciye, kuma yawancinsu da kansu suke juyawa. Kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ne kawai ke kaiwa lokacin haihuwa ba su juyo da kai ƙasa ba. Ga waɗannan, likita kan gwada juya jaririn ta waje da hannu a mako na 36 ko 37, kuma ana dacewa a kusan rabin lokuta. Amma dubi abin da ke kewaye da aikin: an yi hoton ciki an ga inda mabiyiya take da yawan ruwa, ana sauraron bugun zuciyar jariri kafin a fara da bayan an gama, wani lokaci a yi allurar sassauta mahaifa, ɗakin tiyata kuma yana kusa ko da wani abu zai faru. Wanda zai yi wannan a ɗaki da hannu kawai bai san inda mabiyiya take ba, bai san ko cibiya ta naɗe ba. Mabiyiya na iya ɓanɓarewa daga jikin mahaifa, jini ya ɓalle ta ciki. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuma tabon mahaifarta na iya buɗewa. Komai sunan da mutum ya yi a wannan sana'a, kada ki miƙa masa cikinki.

Su wa ya kamata su nemi izinin likita tukuna?

Mai hawan jini, mai zubar jini ko ruwa, wadda aka ce mabiyiyarta ta sauko ta tare bakin mahaifa, wadda aka ɗaure wa bakin mahaifa, wadda ta taɓa haihuwar bakwaini ko take jin ciwon mara mai zuwa yana dawowa kafin mako 37. Haka wadda ta taɓa samun daskarewar jini ko take karɓar allurar tsinka jini, mai sikila, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, da mai ɗauke da tagwaye. Ba wai an haramta musu ba ne gaba ɗaya. Sau da yawa likita zai ce a yi a kafaɗu da wuya, a bar sauran.

Ranar da kike zazzaɓi, ko amai da gudawa, ko kika ji motsin jariri ya ragu, ba ranar tausa ba ce. Ta asibiti ce.

Wane mai ya dace? Man zafi fa?

Mai marar ƙamshi ya fi: man zaitun, man kwakwa, ko man shafawar da fatarki ta saba da shi. Fatar mai ciki tana da saurin ɓaci, don haka sabon mai a fara gwada shi a ɗan wuri a hannu, a jira kwana ɗaya.

Tatattun mayukan ƙamshi da ake sayarwa a ƙananan kwalabe suna da ƙarfi sosai, suna kuma ratsa fata. A bar su a watanni ukun farko. Bayan nan, in ma za a sa, ɗigo ɗaya cikin ƙaramin cokalin man zaitun ya isa, kuma ba kowanne ba: na kirfa, na kanumfari da na kafur suna cikin waɗanda ake cewa mai ciki ta nisanta. Ba a shan su ko kaɗan.

Man zafi sai an karanta abin da ke jikinsa. Da yawa suna ɗauke da sinadari ɗan gidan asfirin, wasu kuma da maganin ciwo irin su diklofinak. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan magungunan wannan gida daga mako 20 zuwa sama, saboda suna iya taɓa ƙodar jariri su rage ruwan da yake kwance a ciki. Abin da ke shiga jini ta fata bai kai na ƙwaya ba, amma wadda ke mulke bayanta da shi safe da dare tana tara shi. Ki nuna wa likita ko mai ba da magani kafin ki fara.

Shafa mai yana hana nankarwa?

Binciken da aka yi bai nuna haka ba, har da na man zaitun da man koko. Nankarwa ta fi bin gado da saurin girman ciki, takan kuma dushe bayan haihuwa. Man yana rage bushewa da ƙaiƙayi, shi ke nan. Amma ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da tafin ƙafa, wanda ke tsananta da dare ba tare da ƙuraje ba, ba na mai ba ne. Yana iya zama daga hanta, sai an gwada jini.

Ni miji ne, ban iya tausa ba. Me zan yi mata?

Ba sai ka iya ba. Ka yanke farce, ka cire zobe, ka murza man a tafinka ya yi ɗumi. Ta kwanta a gefe da filolinta, kai ka zauna a bayanta. Ka ɗora tafin hannu a ƙasan bayanta, gefen ƙashin baya ba kansa ba, ka tafi sama a hankali har kafaɗa, ka zagayo ka sauko. Ka maimaita sau da yawa ba gaggawa, saurin hannu shi ke ɓata tausa. Sannan ka nemo faffaɗan ƙashin nan da ke ƙarshen baya, sama da mazaunai, ka ɗora dunduniyar hannunka ka danna a tsaye kana ƙirga goma, ka saki. Mata da yawa wannan suka fi so fiye da komai. Daga nan ka koma naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ka riƙa matsawa kana saki.

Ka tambaye ta, "Nan ne? In ƙara ko in rage?" kuma ka bi abin da ta ce. In ta riƙe numfashi ko ta ɗaure jiki, ƙarfin ya yi yawa. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. In ta yi barci a tsakiya, ka ja mata mayafi ka ƙyale ta.

Injin tausa na hannu, kujerar tausa, da gashi da ruwan zafi fa?

Injin nan mai bugu ba a yi cikakken bincikensa a kan masu ciki ba. In za a yi amfani da shi, a tsaya a kafaɗu a kan mafi ƙarancin ƙarfi, kada ya kusanci ciki, ƙugu ko ƙafafu. Kujerar tausa ta ɗan lokaci ba a san ta da illa ba, amma a kashe ɓangaren da ke matse sharaɓa, kada kuma a kwantar da ita sosai. Tawul mai ɗumi a ƙugu na minti 10 zuwa 15 ba laifi. Abin gudu shi ne duk abin da zai ɗaga zafin jiki gaba ɗaya ya doshi digiri 39, kamar ɗakin surace ko doguwar zama cikin ruwa mai zafi sosai, musamman a farkon ciki lokacin da ƙwaƙwalwa da lakar jariri ke haɗuwa.

Sau nawa ya kamata a yi?

Ba a ƙayyade ba. Ta gida mai sauƙi ko kullum aka yi ba matsala. Ta wajen ƙwararre, minti 30 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako ko mako biyu ya isa.

Ungozoma ta ce in riƙa tausar gaba don kada a yi mini ƙari. Tana aiki?

Cikin duk nau'o'in tausar masu ciki, wannan ce ta fi samun hujja, ita ce kuma aka fi jin nauyin tambaya a kanta. Ana nufin sassauta naman da ke tsakanin gaba da dubura, wanda kan jariri ke buɗawa. Nazarin da Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya tana tace shi, ta fitar a 2013 ya haɗa gwaje-gwaje huɗu da mata kusan 2,500, ya gano cewa masu yin ta daga wajen mako 35 sun fi tsira daga ƙari da raunin da ke buƙatar ɗinki. A lissafinsu, cikin kowace mata 15 da suka yi, ɗaya ta tsira daga ɗinkin da da an yi mata. Amfanin ya fi bayyana ga mai haihuwar fari. Ba ta hana kowace irin tsagewa ba.

Yadda ake yi: a wanke hannu, a yanke farce, a kishingiɗa a jingina da filo, a shafa man zaitun. A sa babban yatsa ɗaya ko biyu ciki kamar santimita 3 zuwa 4, a danna ƙasa wajen dubura har a ji ɗan zafi-zafin miƙewa, a riƙe minti ɗaya, sannan a riƙa zagayawa hagu da dama. Minti biyar, sau ɗaya ko biyu a mako. In ciki ya tare hanya, miji na iya yi. Ba a yi in akwai ƙuraje, ƙaiƙayi ko ciwon sanyi, ko faya ta fashe, ko ana zubar jini, ko mabiyiya ta sauko.

Tausar nono fa?

Shafa mai ba komai, amma yawan murza kan nono yana sa jiki ya saki oksitosin, sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa. Kafin mako 37 a bar shi, bayan nan ma sai da shawarar ungozoma.

Tana taimakawa lokacin naƙuda?

Tana taimakawa, musamman a farkonta. A shawarwarinta na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tausa da ɗumama baya cikin hanyoyin rage zafin naƙuda ga mace mai lafiya da ta nema. Abin da ya fi aiki shi ne danna ƙarshen baya da ƙarfi daidai lokacin da ciwon ya taso, ko a kama ƙugu ta gefe biyu a matse. Ba ta kai allurar kashe zafi ba. Kuma macen da ke roƙon a danna mata baya da ƙarfe biyu tana iya ture hannun da ƙarfe huɗu, kada mai rakiya ya ji haushi. Danna saman ciki don a turo jariri kuwa, hukumar ba ta yarda da shi ba.

In zan je wajen mai tausa, me zan duba?

Ki tambaya ko ta samu horo kan masu ciki. Amma tambayoyin da ita za ta yi miki sun fi nuna ko ta san aikinta: cikin wata nawa ne, yaya awon jininki, kin taɓa ganin jini, akwai ƙafar da ke ciwo? Wadda ta ce hau gado ba ta tambayi komai ba, ki nemi wata. Kina da ikon cewa a tsaya a kowane lokaci. Jiri, ciwon mara, ɗaurewar ciki a jere, jini ko ruwa, duk dalilai ne na tsayawa nan take, kuma in ba su wuce ba a nufi asibiti.

Bayan an sauka, yaushe zan koma?

Wadda ta haihu da kanta lafiya za a iya tausa mata kafaɗu da baya cikin kwanakin farko, kuma za ta buƙata, don shayarwa da ɗaukar jariri suna ƙage wuya. Wadda aka yi wa aiki, kada a taɓa wurin ɗinki da kewayensa sai ya warke likita ya duba, yawanci bayan mako shida. Dokar ƙafa kuwa tana nan daram: haɗarin daskarewar jini ya fi yawa a makonni shidan farko bayan haihuwa, fiye ma da lokacin cikin, musamman ga wadda aka yi wa tiyata ko ta daɗe a kwance. Hawan jinin masu ciki shi ma yana iya tasowa bayan haihuwa, galibi a makon farko, don haka ciwon kai mai tsanani ko kumburin fuska a kwanakin nan sai an auna jini kafin a ce gajiya ce.